Mang Tibo da Hannuwan Uwar Tafki

A farcen babban yatsan hannun dama na Uwar Tafki akwai wata 'yar tsaga, siririya kamar silin gashi, ta taso daga bakin farcen ta tsaya a tsakiya. Uwar Tafki ita ce mutum-mutumin Maryamu da ke tsaye a hagun bagadi a cocin Malibago. Shekara arba'in da biyar ke nan mutanen garin suna bin layi kowace Juma'a su sumbaci wannan hannu, su goga masa hankici su kai wa majinyacinsu a gida, amma ba wanda ya taɓa ganin tsagar. Ba a ga laifinsu ba, mai sumba rufe ido yake yi. Mutum ɗaya ne ya san da ita, Tiburcio Magsino, wanda gari ke kira Mang Tibo, shi ma don shi ya tsaga ta da bakin wuƙarsa.

Malibago gari ne da dutse ya tokare ta baya, tafki ya tokare ta gaba, ya rage tituna uku a miƙe kamar igiyoyin shanya. In damina ta yi ƙarfi tafki yakan hau ya cinye titin farko, mutanen titi na biyu su yi wata biyu suna taƙamar gidajensu a bakin ruwa suke. Gonar kirki babu. Shi ya sa tun da 'yan Sifaniya suka zo da cocinsu suka nemi masu sassaƙa musu waliyyai, garin ya kama itace bai sake ba. Yaƙi ya ƙone rabinsa, waliyyai suka sake gina shi. Gwamnati ta hana sarar itace a kan dutse, aka ci gaba da sara, sai dai yanzu ana rufe motar da ke ɗauko itacen da ganyen ayaba.

Waliyyin da ake fita da shi jerin gwano kai ne da hannuwa kawai. Abin da ke ƙarƙashin karammiskin 'yan sanduna ne da aka harhaɗa, kowa ya sani, ba a dai faɗa a gaban baƙi. Aikin kuma a rabe yake: masu fuska, masu hannu, masu fenti, matan da ke dasa gashi, da masu ɗinkin zaren zinare. Mai fuska shi ake kira Maestro. Shi ke sa farar riga ya zauna a bencin gaba ranar Lahadi, shi baƙi ke ɗaukar hoto da shi. Mai hannu ba a ce masa komai sai sunan da uwarsa ta raɗa masa, shi ma a gutsure rabi.

Mang Tibo mai hannu ne, ɗan mai hannu. Sau ɗaya ya gwada fuska, yana ɗan shekara sha shida. Ya sassaƙa kan waliyyi San Pedro a ɓoye ya kai wa Maestro Balderas, maigidan ubansa. Maestro ya juya kan, ya sake juyawa, ya ce, "Tibo, wannan kifin a ina ka kama shi?" Shagon ya kwana uku yana dariya. Tun daga ranar bai ƙara kusantar abin da ke sama da wuya ba, a itace ko a jikin mutum. Ba ya kallon fuskar kowa. In ka gaishe shi, hannunka yake amsa wa. Duk garin ta yatsu ya san shi: mai cin farce, mai karkarwa saboda giya, wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi cokali nauyi ba. Abin da ya gani kuwa bakinsa ba ya ɓoyewa. Ya taɓa gaya wa wata amarya ranar bikinta cewa yatsunta kamar rogon bara. Don haka ba a cika gayyatarsa biki ba, shi kuma yana cewa shi ne ba ya zuwa.

Matarsa, marigayiya Aling Pilang, mai wanki ce a bakin tafki. Ana cewa hannuwanta ya fara gani cikin kumfa ya aika a nema masa aurenta, sai a coci ya ɗaga kai ya ga ashe fuskar ma ba laifi. Ɗansu guda yana can cikin jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa yana sassaƙa ƙanƙara ta ƙawata teburin abinci, ya yi tsuntsu, tsuntsun ya narke kafin masu kuɗi su gama cin nama. Mang Tibo ba ya son a tambaye shi labarinsa.

A shekarar da guguwa ta yaye rufin coci, aka kai Uwar Tafki gidan Villaluz, dangin da ke gadon yi mata sutura tun kaka da kakanni. Donya Choleng, wadda gadon ya faɗo wa a lokacin tana 'yar shekara talatin da biyar, ta zare hannuwan ta naɗe a tsumma, ta sa a akwatin katako a ɗakin ƙasa, ta kulle, ta rataya mabuɗin a wuya tare da carbinta. Ɓarayi take tsoro. Ba ta tuna da gara ba. Saura sati biyu bikin gari ta buɗe akwatin ta tarar da ƙura da 'yan guntaye kamar ɓawon gyaɗa. Waɗannan su ne hannuwan da aka ce sun zo tare da Uwar shekara ɗari uku da suka wuce, ranar da masunta suka tsince ta tana yawo a kan ruwa.

Ta aika a kira Tibo da tsakar rana, lokacin da gari ya kwanta barcin rana har karnuka.

"Ka iya rufe baki?" in ji ta.

"Ban cika buɗe shi ba, Donya."

"Ba abin da nake ji ke nan ba."

Cikin kwana tara ya gama sassaƙa mata sababbin hannuwa. Pilang ya zaunar a kan benci da tafin hannu a buɗe, tana mitar wankin mutane na jiranta. Tsagar farcen tata ce, dutsen wanki ne ya yi mata tun tana budurwa ba ta ƙara haɗewa ba. Da ya gama sai ya tsufar da su yadda ake yi wa kayan da dillalan birni ke saye: ya rataye su bisa murhu suka sha hayaƙi, ya shafe su da kofi, ya goge kan yatsun da tsumma har suka yi kamar bakin jama'a ne ya cinye su. Donya ta sa ya rantse a gaban Uwar, wadda ke tsaye a falo da hannun riga a sake, cewa ba zai faɗa wa kowa ba. Ta sallame shi da buhun shinkafa da wani agogon bango da ba ya tafiya.

A shekarar ne hannuwan suka fara abin al'ajabi. Aling Seryang mai kifi, shekara sha ɗaya da aure ko ɓari, ta sumbata ta haifi tagwaye. Wani ɗalibi ya ci jarrabawar zama lauya a karo na biyar. Tsofaffin hannuwan sun yi shekara ɗari uku ko mura ba su warkar ba, amma ba wanda wannan ya dama. Aka fara zuwa daga garuruwan ƙetaren tafki a motocin haya, da kwandunan abinci da tsofaffi a goye. Mang Tibo yakan tsaya can bayan coci yana kallon layin. Shi bai taɓa sumbata ba. A ransa yakan ce ai na ainihin suna gida suna dafa masa shinkafa.

Bana garin ya cika shekara ɗari huɗu, ko kuma kwamiti ya yanke cewa ya cika. Aka shirya gina bangon farin dutse a dandalin gari, a zana sunayen masassaƙan Malibago tun na farko har na yau. Shugabar kwamiti Donya Choleng ce, shekara tamanin, zobe a kowane yatsa ban da manyan. A zaman farko suka fitar da ka'ida ɗaya: masassaƙi shi ne wanda ya sassaƙa fuska.

Mang Tibo ya ce shi ko a jikinsa. Ya faɗa a shagon aski, ya faɗa a gidan burodi, ya tari mutane a titi ya faɗa musu ba su tambaye shi ba. Sannan ya ba tela ɗinkin farar riga irin ta su Maestro, ya ce ta zuwa jana'iza ce. Maƙwabcinsa Inggo mai fenti, wanda suka shekara arba'in bango ɗaya ne tsakanin shagunansu, ya shigo aron magagari ya tarar da wani allo a jingine, an sassaƙa Tiburcio Magsino a jiki sau biyar, kowanne da irin rubutunsa.

"Pare, wannan fa?" in ji Inggo, da kalmar da aminai ke kiran juna da ita a garin.

"Gwajin wuƙa ne."

"Wuƙar ta yi makaranta. Har sunan tsakiya ta sani."

"Kai ka kula da fentinka. San Jose ɗin da ka gama jiya kamar mai ciwon shawara."

"Ni na san matsayina," in ji Inggo. "Ni da kai da masu gashi, a bangon bayan gida za a rubuta mu, da gawayi. Ka je ka ga tsohuwar mana, Donya Choleng. Tana ɗan jin nauyinka, ban san me ka yi mata ba."

Ya je. A kan matakala ta tsayar da shi, ita a sama shi a ƙasa, ba ta ce ya hau ba.

"Shekara hamsin da shida, Donya," in ji shi, yana kallon zobbanta. "Babu cocin da ke zagaye da tafkin nan da ba hannuna ake ɗagawa a ciki ba."

"Ba wanda ya ce ba ka yi aiki ba, Tibo. Mai yin ƙafar kujera ma aiki yake yi. Amma in aka sa ka, gobe masu gashi su zo, jibi mai sharar shago. Faɗin bangon taku huɗu ne kacal."

"Akwai hannun da ni da ke muka sani."

Ta juya zoben ƙaramin yatsanta. "Ni na tsufa, mantuwa ta yi mini yawa. Kai kuma ka rantse, rantsuwa ba ta tsufa. Za ka sha lemo kafin ka tafi?"

Ya tsaya. Ba a kawo lemon ba.

Ban da bango, kwamiti na son a ba Uwar Tafki shaidar zama kayan tarihi, da ɗan allon tagulla da za a kafa a ƙofar coci, don garin da ke maƙwabtaka da su yana da irinsa kuma ba sa barin kowa ya manta. Aka gayyato wani Farfesa Almendras daga Manila ya duba ta a gaban jama'a. Ranar Asabar da safe aka sauko da ita zauren coci, aka jera kujeru. Su Maestro suka zauna a gaba. Mang Tibo ya zauna a baya kusa da Inggo, cikin farar rigar, ko da yake ba wanda ya mutu.

Farfesa ya sa farar safar hannu, ya fito da gilashin ƙara girma, ya fara da fuska. Bai daɗe ba ya yi ajiyar zuciya. Ya ce an yi mata fenti aƙalla sau goma sha ɗaya, kowanne ya fi na baya muni, na ƙarshen kuwa da alama mai fentin motar haya ne ya yi. Inggo, wanda na ƙarshen nasa ne, ya shiga duban rufi. Farfesa ya ce fuskar ba za ta iya shaidar komai ba yanzu. Donya Choleng ta ƙara saurin mafici.

Sai ya gangaro kan hannuwan. Ya durƙusa, ya tashi, ya zagaya, ya cire tabarau ya goge.

"Jama'ar Malibago," in ji shi, "ba ku san abin da kuke da shi ba. Ku dubi jijiyoyin nan. Ku dubi yadda yatsan tsakiya ya ɗan karkata, kamar yanzu za ta motsa shi. Wannan aikin ƙarni na sha bakwai ne, kuma ba a ƙasar nan aka yi shi ba. Hannun 'yar sarauta ne wadda ba ta taɓa sa yatsa a ruwan sanyi ba. Ba don raina masassaƙanku ba, yau a duk tsibiran nan babu mai iya rabin wannan."

Su Maestro suka gyaɗa kai, kowa yana nuna dama shi ya daɗe da faɗa.

"Abin baƙin ciki ɗaya ne," in ji Farfesa. "Tarihi bai riƙe mana sunan wanda ya yi su ba."

Mang Tibo ya shekara arba'in da biyar yana haɗiye maganar, ta bi makogwaro ba gardama. Wannan karon ta ƙi wucewa. Ya ji kansa a tsaye kafin ya yanke shawarar tashi.

"Tiburcio Magsino," in ji shi.

"Na'am, Baba?"

"Sunan. Ka ce tarihi bai riƙe ba. Kana da biro, ka rubuta."

Zauren ya fashe da dariya. Ɗan marigayi Maestro Balderas, wanda shi ma Maestro ne ta hanyar gado, ya waiwayo ya ce, "Tibo, giyar kwakwa tun da safe? Ka bari a gama a ba ka kofi."

"Ka dubi farcen babban yatsan dama," in ji Mang Tibo, bai kula shi ba. "Akwai tsaga. Ba itacen ne ya fashe ba, yi aka yi. 'Yar sarautar taka sunanta Pilang, ta shekara talatin tana wanke wandunan rabin mutanen da ke zauren nan. Tsofaffin kuwa gara ta cinye su a ɗakin ƙasan Donya, shekarar guguwa."

Farfesa ya kai gilashi kan farcen. Aling Seryang mai kifi ta taso daga kujerarta ba a kira ta ba, ta leƙa ta ƙarƙashin hammatarsa, ta koma ta zauna. Sun yi shekaru ita da Pilang a dutse ɗaya, ita tana fere kifi, Pilang tana wanki.

"Tsaga ba hujja ba ce," in ji Farfesa. "Tsofaffin gwanaye sukan yi irin wannan da gangan."

"To zare na hagun. Ɗan turken da ake cusa shi a damtse da shi guntun sandar tsintsiya ne. Itace ya ƙare mini ranar ƙarshe. Shuɗi ne, har da ramin da ake zura igiyar ratayewa."

Aka juya ana kallon Fada, limamin cocin. Fada sabon zuwa ne, ba shi da dangi a garin, don haka ya ce a zare. Farfesa ya kama hannun hagu ya murɗa a hankali. Hannun ya fito da 'yar ƙara. Shuɗin bai ko dushe ba, ramin igiyar na nan zagaye tsaf. Donya Choleng ta ce a kawo mata ruwa, ita kuwa aka kawo.

Mang Tibo ya ci gaba da tsayuwa. Ya gyara wuyan riga. A ganinsa abin da ya rage shi ne a tafa, wani daga kwamiti ya taso ya tambaye shi yadda yake so a rubuta sunan, da na tsakiya ko babu. Ya riga ya yanke: da shi.

Farfesa ya yi minti goma yana sake duba hannun, yana ɗan tari.

"Gaskiya," in ji shi, "tun farko akwai abin da ya ɗan tsaya mini a rai. Wuyan hannun ya yi kauri. Yatsun ma gajeru ne, na masu aikin ƙarfi. Aiki ne mai kyau, a matsayinsa na aikin ƙauye."

"Ɗazu ka ce 'yar sarauta."

"Ɗazu hasken bai isa ba."

Tagar dai ita ce ta ɗazu, ranar ma ba ta gusa ba. Su Maestro suka sake gyaɗa kai. Ɗan Balderas ya ce shi ma ya daɗe yana ganin kaurin wuyan hannun, ladabi ne ya hana shi magana. Farfesa ya cire safarsa ya ce batun allon tagulla sai an sake nazari, ya tambayi ƙarfe nawa ake cin abinci.

Kafin yamma Donya ta samu ƙwaƙwalwarta ta dawo. Ta tuna cewa a shekarar guguwa ta ba Tibo tsofaffin hannuwan ya ɗan gyara musu yatsa ɗaya, ya dawo mata da waɗannan, ita kuwa yarinya ce a lokacin, ba ta lura ba. Ba ta ce ya sayar da na ainihin ba. Ta bar wa gari ya ce. Gari kuwa ya ga wannan labarin ya fi na gara daɗin faɗa, kuma ba ya hana kowa cin abinci a gidan Villaluz ranar biki. Mai burodi ya fara zaɓo wa Mang Tibo ƙonannu. Wanzami ya ce layi ya cika alhali kujera ba kowa. Waɗanda suka yarda da labarin gara ma suka ce to, ai ya rantse, mutumin da ya karya rantsuwa a gaban Uwar me ya rage bai karya ba.

Aling Seryang ta tare shi a kasuwa, wuƙar kifi a hannu.

"Wato tagwayena hannun Pilang ne ya ba ni?"

"Wannan sai ki tambayi mijinki, Seryang."

"Shekara arba'in da biyar ina kawo kyandir. Da ka rufe bakinka me zai same ka?"

"Suna nake so a bango."

"Suna," in ji ta, ta sare kan kifi. "Ka hana gari allon tagulla saboda suna. Ka samu?"

Layin Juma'a ya ragu sati biyu. Mutanen ƙetaren tafki kuwa labari bai kai musu ba, suka ci gaba da zuwa suna sumbata suna warkewa abinsu. Kwamiti ya zauna ya kira hannuwan gyaran wucin gadi, ya yanke a cire su a yi odar waɗanda suka dace da tarihin garin daga wani babban shagon kayan coci a Manila, inda ake da gwanaye na gaske. Batun sunan Tibo wani ya ɗaga shi a ƙarshen zama, aka ɗauka wasa yake yi.

Ranar buɗe bango ya je, cikin farar rigar, ya tsaya bayan 'yan badujala. Da aka janye ƙyallen ya matsa ya karanta daga sama har ƙasa, sannan ya sake daga ƙasa har sama, ko an sa shi a wani wuri ba a gaya masa ba. Sunaye sittin da uku. Inggo na gefensa yana bi da yatsa.

"Wannan fuska biyu ya yi a rayuwarsa, duka masu harara garke. Wannan katako yake sayarwa, amma ɗansa ne shugaban gari. Wannan ban san shi ba, ina jin ya auri 'yar kwamiti."

A ƙasa an bar fili kamar tafin hannu biyu, wanda zai ɗauki Tiburcio Magsino har da sunan tsakiya. A nan aka zana godiya ta musamman ga Donya Choleng da cikakken sunanta, Donya Consolacion Villaluz, mai kula da tarihin gari.

Bayan sati uku wani mutum mai takalmin birni ya tsaya a ƙofar shagon Mang Tibo yana kaɗe ƙurar katako daga wandonsa. Daga shagon Manila yake. Shagunan Manila ba su da masu hannu, tun da can daga Malibago suke saye su buga tambarinsu, abin da kwamiti bai taɓa tambaya ba don ba ya magana da masu hannu.

"An ce kai ne ka fi kowa," in ji mutumin. Ya miƙa takarda. "Na mace, guda biyu, irin na da, a tsufar da su sosai. Na wani coci ne a wannan yankin, ban riƙe sunan garin ba, ofis ne suka karɓa. An ce wani ɗan ƙauye ne ya ɓata musu nasu."

Mang Tibo ya dubi awon. Tsawon tafi, faɗin wuyan hannu, zurfin ramin damtse. Ba ya buƙatar ma'auni, awon Uwar Tafki ne, ya san lambobin tun ɗansa bai fara tafiya ba. Inggo ya leƙo ta taga da buroshi a baki, ya karanta takardar ta saman kafaɗarsa, ya cire buroshin.

"Suna fa?" in ji Mang Tibo. "Ana sa sunan wanda ya yi?"

"Tambarin shagonmu ake bugawa a turken. Ka'ida ce, Baba. Ba a sa wata alama."

Ya daɗe yana kallon hannun mutumin, mai laushi, da farce a yanke tas.

"Sati uku," in ji shi.

Da mutumin ya tafi Inggo ya zagayo ya shigo. "Ba ka da zuciya, pare. Da ni ne da gizago zan raka shi."

"In na ƙi wa za su kai wa? Ɗan Balderas? Ya manna mata ayaba biyar a jikin faranti, mutane su shekara ɗari suna sumbatar ayaba."

"To sunan fa?"

"Ai ka ji."

"Na ji. Ina so in ji daga bakinka ne."

Mang Tibo bai ba shi wannan daɗin ba. Ya ninke takardar ya danne ta da guduma kada iska ta ɗauke. Igiyar silifas ɗinsa na dama ta tsinke tun safe, ya zauna a bakin ƙofa ya ɗaure ta da guntun waya, ya taka sau biyu ya ji ta riƙe, sannan ya ɗauki kwando ya gangara bakin tafki sayen kifi kafin kwale-kwalen yamma su watse.